Kifi Ma Yana Da Irinsa

Kowane manomi ya san dokar iri. Ko yunwa ta yi tsanani, ko rumbu ya kai ƙasa, damin geron da aka zaɓa aka rataye don shuka ba a taɓa shi. Mai gidan da ya sussuke irinsa ya yi tuwo zai ƙoshi dare ɗaya, amma ran da ruwan shuka ya sauka sai ya bi gidajen mutane da ƙoƙo a hannu. To, wannan doka ba ga gero da dawa kaɗai ta tsaya ba. Kifin da ke cikin kogi da tafki shi ma yana da iri, yana da lokacin haihuwa da lokacin girbi, kuma ana iya cinye irinsa kamar yadda ake cinye na hatsi. Labarin wata fita su da waɗansu dattawa biyu suka yi cikin kwalekwale a Kogin Karaduwa zai nuna wa masu karatu yadda al'amarin yake.

INDA RUWA YAKE RABUWA

Dudunni yana cikin ƙasar Kusada, maƙwabciyar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. Wannan yanki kan tudu yake, babu babban kogi mai gudu rani da damina. Ruwan sama in ya sauka a tudun nan rabuwa yake yi. Wani ya yi gabas ya bi kogunan Kano da Haɗeja ya nufi Tafkin Chadi, wani kuma ya yi yamma ya nufi Gulbin Rima, daga can ya faɗa Kwara. Saboda haka mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya. Sun da suka gada shi ne na rani, sa'ad da kududdufi ko tafkin fadama ya janye, samari su shiga da koma su kamo tarwaɗa, ko a haƙo gaiwa daga busasshen taɓo inda takan lulluɓe kanta ta jira damina.

Madatsun ruwa su suka sauya wannan hali. Babbar cikinsu a wannan sashe ita ce ta Zobe, a ƙasar Dutsin-Ma, wadda aka datse Kogin Karaduwa da ita. An gama ginin ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ganuwarta ta ƙasa ce, tsawonta mita 2,750, tsayinta mita 19. Don ban ruwa da ruwan sha aka yi ta, ko da yake aikin ruwan famfon bai tabbata ba sai 2021, da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi. Amma kifi bai jira kowa ba. Ruwa na taruwa ya hayayyafa, masunta kuma suka kafa zama a bakin tafkin, wajen su Garhi da Makera.

ABOKAI BIYU

Dattawan nan biyu duk haifaffun Dudunni ne, tsarar juna, a tsangaya ɗaya suka wanke allo. Da aka yi farin 1984, ɗayan ya tafi cin rani Yawuri, ya faɗa hannun Sarkawa a bakin Tafkin Kainji, ya fara da kwarfe ruwa daga jirgi har ya iya jefa birgi. Bayan shekaru ya komo kusa da gida ya zauna a Zobe. Ɗayan kuwa bai bar gonar ubansa ba. Manomin yakan kira abokinsa Sarkin Ruwa don tsokana, ko da yake ba wanda ya naɗa shi, masuncin kuma ya kira shi Malam. Rashin kwanciyar hankali da ya dami ƙasar Dutsin-Ma da Safana a 'yan shekarun nan ya sa sun daɗe ba su haɗu ba. Amma zumunta a ƙafa take. Farkon watan Oktoba, an yanke gero, dawa ba ta nuna ba tukuna, manomin ya shiga mota a Kankiya ya bi hanyar Dutsin-Ma, ya kai wa abokinsa tiya biyar ta sabon wake. Nan ya kwana, aka shirya da asuba za a fita da shi.

Da aka idar da sallar asuba suka gangara mashaya su uku, har da autan masuncin mai riƙe da filafili. Kwalekwalen na katako ne, gama manyan itatuwan maɗaci da kawo da ake fafe jirgi da su dā sun yi wuya. Manomin bai iya iyo ba, sai aka zaunar da shi a tsakiya, a ƙasa, aka ɗaura masa jarka biyu marasa kome a ƙirji. Ya ce, "Haba, Sarkin Ruwa, sai ka ce jakin ɗan garuwa?" Masuncin ya ce, "Malam, ka tuna da Bagwai." Yana nufin jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamba 2021, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, saboda an yi masa lodi fiye da ƙima. Manomin bai sake magana ba.

Suka bi gefen tafki suka nufi inda Karaduwa yake shigowa. A wannan lokaci na shekara kogin da sauran ƙarfinsa, ruwa ya hau ciyawa ta kowane gefe. Aikin farko shi ne ɗaga kalli, watau ragar da akan shimfiɗa tsaye cikin ruwa da maraice, kifi ya zo wucewa ya maƙale ta wuya. Uba yana ja, ɗa yana riƙe da jirgi. Aka sami karfasa manya 'yan kaɗan, da kurungu mai ƙaya wanda sai an yi dabara wajen ciro shi, da balo biyu. Sa'an nan suka duba gura, tarkon nan na raga da ake zuba wa dusa, wanda ake cewa masuntan Mali ne suka kawo shi ƙasar nan. Daga nan suka ɗaga mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi birjik, aka ciro tarwaɗa uku. Duka dai bai cika daro ba.

Manomin ya yi mamaki, gama ya tuna shekarun baya da abokinsa yakan aika masa bandar tarwaɗa kwando guda. Ya tambayi dalili. Masuncin ya ce, "Sabon tafki kamar sabon sara ne, Malam. Ka manta yadda gonarka ta daji ta yi dawa shekarar farko?"

Gaskiya ya faɗa. Sa'ad da aka datse kogi, ruwa yakan shanye ciyawa da itatuwa da tsofaffin gonaki. Su ruɓe su zama taki, ƙananan tsirrai da ƙwarin ruwa su yawaita, kifi ya sami abinci ya yi ta haihuwa. Bayan 'yan shekaru takin nan ya ƙare, masunta kuwa sun ƙaru. Haka ya faru a Kainji, wanda aka datse a 1968. A farkon shekarun 1970 an taɓa kama kifi fiye da tan 28,000 cikin shekara guda, amma kafin ƙarshen shekarun abin ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wannan raguwa ta farko ba makawa ce. Abin da ke hannun mutane shi ne yadda za su riƙe abin da ya rage.

UWA MAI GOYO A BAKA

Da rana ta ɗaga kaɗan suka shiga wani lungu mai yashi, masuncin ya miƙe a goshin jirgi ya jefa birgi. Ragar ta buɗe kamar faifai, dalmar bakinta ta ja ta ƙasa. Da ya jawo, sai ga karfasa huɗu suna fisge-fisge. Ya ɗauki ɗaya wadda maƙogwaronta ya kumbura, ya buɗe bakinta a hankali ya nuna wa abokinsa. Bakin cike yake da ƙwai rawaya, kamar ƙwayar gero. Bai ce kome ba, ya mai da ita ruwa. Yaron ya ɓata rai, gama ita ce babba cikin huɗun. Manomin ya dube shi ya ce, "Ɗana, a gida mu ma ba mu yanka kaza tana kwanci."

Ya kamata masu karatu su san yadda kifayen nan biyu, karfasa da tarwaɗa, suke haihuwa, domin su ne jigon kamun wannan ƙasa. Namijin karfasa yakan share rami kamar akushi a ƙasan ruwa mara zurfi. Mace ta zo ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sa'an nan ta kwashe cikin bakinta. Ƙwan yakan kai ɗari-ɗari, na babbar uwa ya wuce 1,000. Takan riƙe su wajen mako biyu ba ta cin kome, har su ƙyanƙyashe su fara iyo, in sun ga abin tsoro su koma bakinta da gudu. Wanda ya kama irin wannan uwa ya sayar, ya sayar da kifi ɗaya ya kashe ɗaruruwa.

Tarwaɗa kuwa ruwan farko take jira. In damina ta faɗi, kogi ya kawo, ruwa ya hau ciyawar gaɓa, sai su yi ayari da dare su haura inda bai kai gwiwa ba. Nan mace za ta watsa ƙwai dubbai, su manne a jikin ciyawa, kwana ɗaya ko biyu su fashe. Ba ta goyo, ciyawar nan ita ce uwar 'ya'yanta, cikinta suke ɓuya suna cin ƙwari har su yi ƙarfi. Cikin shekara ɗaya ko biyu ɗan da ya tsira ya wuce taƙi, shi ma ya isa haihuwa. Lokacin haurawar nan shi ne lokacin da tarwaɗa ta fi sauƙin kamu, har da sanda ana bugun ta, kuma shi ne lokacin da kamun ya fi ɓarna.

SAMARI DA GIDAN SAURO

Da suka ƙara gaba cikin kogin, sai suka tarar da samari biyar tsundum cikin ruwa zuwa ƙugu, suna jan gidan sauro biyu da aka ɗinke wuri ɗaya. A gaɓa ga roba cike da 'ya'yan kifi, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa: karfasa, tarwaɗa, kawara, duk a cakuɗe. Masuncin ya sa aka tsai da jirgi, ya yi musu sallama, suka amsa da ladabi, gama sun san shi. Ya ce, "'Ya'yana, wannan fa na baɗi ne kuke ci." Babbansu ya ce, "Baba, mun sani. Amma in mun bari, na wancan ƙetaren ba za su bari ba. Ga kuma kuɗin mai banda a kanmu."

Amsar yaron nan ita ce cibiyar matsalar, kuma ba wauta ba ce. Manomi yana tsare irinsa domin rumbun nasa ne, in ya bari shi zai shuka. Masunci kuwa in ya saki ɗan kifi bai san ragar wa zai faɗa gobe ba. Abin da yake na kowa, kowa gaggawar ɗiba yake yi. Shi ya sa wa'azi ga mutum ɗaya ba ya gyara ruwa, sai an yi doka wadda ta hau kan kowa, kuma kowa ya ga ana bin ta.

Magabata sun gane haka tuntuni. A Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka yi izini. Bikin sun da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kan wannan hani ya ginu, kuma manyan giwan ruwa da ake fitarwa ran nan amfanin haƙurin wata goma sha ɗaya ne. Watau gurbin an bar shi saura ne, kamar yadda ake barin gona ta huta. Gwamnati ma tana da tata. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana su da guba ko nakiya ko wutar lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3 in an miƙe idon, sai ga waɗansu irin kamu da aka keɓe. A Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, an hana jan babban tarun nan mai ƙananan ido da ke share gaɓa, kuma hanin ya yi tasiri a inda sarakunan ruwa da masu gari suka sa hannu. Idon raga shi ne rariyar masunci: babba ya tsaya, ƙarami ya wuce ya girma.

LAIFIN NA TUDU

Manomin ya ɗauka dai laifi duk na masu ruwa ne, har ya fara yi wa abokinsa ba'a. Masuncin ya ce wa ɗansa ya ajiye filafili ya ɗauki gora. Yaron ya caka ta, sai ga ruwa bai wuce kamu biyu ba, goran kuma ta fito da jan laka. Uban ya ce sa'ad da ya zo wurin nan gora ba ta taɓa ƙasa. Ya nuna gaɓa, inda aka nome har bakin ruwa, kwazazzabo ya tsaga gonar biyu. Ya ce, "Malam, ga gonakinku nan a ƙarƙashin jirgina. In kana so ka ɗiba ka koma da ita."

Nan ne maganar ta shafi kowane manomi, ko bai taɓa ganin Zobe ba. Ƙasar da ruwa ya kwasa daga gona ba ɓacewa take yi ba, tana can kwance a wata madatsa, ko ta Zobe ko ƙarama irin ta Kusada. Hasarar biyu ce. Mai gona ya rasa ƙasar sama, wadda ita ce mai taki, tafki kuma ya cike, laka ta binne ramukan karfasa, ruwa ya gurɓace rana ba ta ratsa shi, abincin kifi ya ragu. In kuma aka nome ciyawar gaɓa ko aka ƙone ta, tarwaɗa ta rasa inda za ta manna ƙwai.

Sai kuma maganin feshi. Yawancin magungunan da ake fesa wa wake da tumatir dafi ne mai ƙarfi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. Wanda ya wanke injin feshinsa a rafi, ko ya jefa kwalbar a ciki, ya yi su da guba bai sani ba. Dā akwai masu zuba Gammalin 20 cikin gurbi da gangan, kamar yadda na dā can suke daka majimfa. Sinadarin da ke cikin Gammalin ƙasashen duniya sun amince a 2009 a daina yin sa da aiki da shi a gona, gama yana daɗewa cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum. Kifin da guba ta kashe, mai ci ma bai tsira ba.

Kafin azahar suka juyo, gama iska takan tashi da rana, ƙaramin jirgi kuwa ba ya wasa da igiyar ruwa. Aka kasa kamun uku bisa al'adar gidan: na jirgi da raga, na masu aiki, da na miya. Baƙo aka ba shi tarwaɗa biyu aka yi masa banda. Masuncin kuma ya roƙe shi abu guda, in ya koma Dudunni ya faɗa wa manoma abin da gora ta nuna.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga manoma, aikin ba mai tsada ba ne. A bar ciyawa taku goma ko fiye tsakanin gona da bakin rafi, kada a nome, kada a sa wuta. Inda ta mutu a dasa jema ko gamba, saiwarsu tana riƙe ƙasa, ga kuma zana da jinka. A yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Ƙaramin kwazazzabo a tare shi da duwatsu da kara tun bai fi ƙarfin mutum ba. Injin feshi a ɗebi ruwa a wanke shi can cikin gona, nesa da rafi da rijiya, kwalbar a huda ta kada wani ya zuba abin sha.

Ga masunta, kowace mashaya ta zauna da sarkin ruwanta da mai gari da malamin kifi na ƙaramar hukuma, a yanke idon ragar da za a yi aiki da ita, a keɓe lungunan haihuwa, a ɗaga wa bakin kogi ƙafa daga saukar ruwan farko har tarwaɗa ta gama haurawa. Masunta da yawa manoma ne, lokacin nan kuwa shi ne na shuka da noman farko, don haka hutun bai zama zaman banza ba. Gidan sauro a mai da shi kan gado inda aka yi shi domin. Masu shiga ruwa kullum, wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, tsargiya ce, tana da magani.

Ga 'yan kasuwa, su ne riƙe da linzami. Ran da mai banda ya ƙi sayen 'ya'yan kifi, ran nan za a daina jan su. Wanda ke ba masunci bashin raga ya ba shi mai manyan ido, domin jarinsa ma cikin ruwan nan yake. Kuma kada a fesa wa banda maganin ƙwari, a ƙara mata hayaƙi da shanya. Malaman ofis masu yankan lasin da karɓar haraji kuwa, su riƙa duba raga kamar yadda suke duba rasit, kuma dokar ta hau kan mai jirgi goma kamar yadda ta hau kan mai koma ɗaya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Gona in ta gaji ana kai mata taki a jaki, amma tafkin da ya cike da laka, ko aka share irin kifinsa, gyaransa ya fi ƙarfin gari guda. Na tudu ya riƙe ƙasarsa, na ruwa ya bar ƙanana su girma, sai tuwo da miya su ci gaba da haɗuwa a akushi ɗaya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye na tudu da na ruwa, amin.